Baffa Sule da Tashar Damagaram

Duk wanda ya san Baffa Sule ya san bai taɓa kunna sabuwar rediyo ba sai ya fara farke mata baya. Zai dawo da ita daga kasuwar Ɗambatta a cikin kwalinta, ya zauna gindin darbejiyar ƙofar gida, ya zaro sukudireba daga aljihu, kafin a kira la'asar hanjinta na waje. In ka ce, "Baffa, ai da ka gwada ta tukuna," sai ya ce, "Wanda ya ƙera ta bai taɓa zuwa garin nan ba." Daga nan ya ƙara wa eriyar tsawo, ya naɗa zaren tagulla a jikin baƙin sandan da ke cikinta, ya ɗaure murfin da robar keke.

Ni 'yar ƙaninsa ce, katanga ɗaya ta raba gidan aurena da nasa, don haka ni na fi kowa shan wahalarsa, ni kuma na fi kowa sanin abin da yake nema. Tashar Damagaram yake nema. Can 'yarsa Hansatu take aure, ta kuma aiko cewa duk Juma'a bayan la'asar tana ba da sunansa a shirin gaishe-gaishe. To, Hansatu 'yar fari ce, kun kuwa san Baffa da kunyar ɗan fari. Bai taɓa kama sunanta ba, sai dai "waccan ta Arewa". In ta kira ni a salula na miƙa masa, sai ya mayar da hannuwansa baya kamar garwashi na miƙo.

"Ki ce mata muna lafiya."

"Baffa, gaishe ka fa za ta yi."

"Ai ke kin gaishe ni ɗazu. Ta wadatar."

In aka tambaye shi me yake nema a tashar Nijar, sai ya ce farashin wake. Mutumin da tun da nake ban ga ya sayar da ko kwano ɗaya na wake ba!

Wata rana na yi wanki na fito da shi a kai, na tarar babu wayar ƙarfen da nake shanya a kanta. Ina ɗaga ido sai ga ta can ƙololuwar darbejiya, an ɗaura mata murfin tukunyata na dalma, wanda na kwana uku ina zargin maƙwabta a kansa. Raina ya ɓaci, na nufe shi.

"Baffa, wayar shanyata ce waccan?"

"An ƙara mata girma."

"To kayan fa, a ina zan shanya?"

"Ƙasa ma ta Allah ce. Yi shiru, rediyo ta kama."

Ta kama kuwa, amma ba Damagaram ba. Wasu mutane ne ke ta zuba da wani yare da ko Malam Idi maƙwabcinmu, da ya je Makka sau biyu, bai san shi ba. Baffa ya kasa kunne har rana ta karkata, yana gyaɗa kai. Na ce, "Baffa, me suke cewa?" Ya ce, "Ban sani ba. Amma na biyun nan ya fi gaskiya."

Sai kuma maganar rodi. Wani ya gaya masa rediyo na son ƙasa mai danshi, sai ya kafa rodi a gindin katanga ya haɗa shi da rediyon. Da tsakiyar rani, lokacin da muke layi a rijiya, Baffa sai ya shayar da rodin nan kafin akuyarsa. Malam Idi ya tsaya yana kallonsa da buta a hannu.

"Malam Sule, me aka shuka?"

"Ƙarfe."

"Allah ya amfana. Yaushe ake sa ran zai yi 'ya'ya?"

"Ran Juma'a."

Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, shekaru suka yi ta tafiya. Rediyo sai shuuu take yi. Muna ta dariya, amma wallahi ina tausayinsa, don duk Juma'a sai ya sa farar rigarsa ya zauna gabanta kamar mai jiran baƙo.

Daminar da zai rasu, jikinsa ya riga ya yi sanyi, ba ya iya hawa bishiya. Wata Juma'a aka yi ruwa aka ɗauke, na kai masa kunu, hannuna ya goge eriya. Sai ga murya raɗau, da Hausar mutanen Damagaram. Na janye hannu, ta ɓace.

"Rabi, riƙe! Hau turmin nan, ɗaga sama!"

"Baffa, ni fa uwar 'ya'ya biyar ce."

"Ba su na ce su riƙe ba."

Haka na tsaya a kan turmi da hannu a sama, masu wucewa suka taru ana ta ƙunshe dariya. Mai shirin ya yi ta jero sunaye, kafaɗata kamar ta cire. Can sai muka ji: "Hansatu tana gaida mahaifinta Malam Sule mai rediyo, can ƙasar Ɗambatta. Ta ce Allah ya ƙara masa lafiya, tana kewarsa."

Baffa ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Batir ɗin nan ya kusa mutuwa," ya kashe ta. Mutane suka watse. Ina tattara kwano zan fita ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa, bai dube ni ba.

"Rabi. In Hansatu ta kira, ki ce mata an ji."

Ranar kaɗai na taɓa jin sunanta a bakinsa. Sai da na shiga gida na yi kukana. Kafin a yanke gero ya tafi.

Allah ya jiƙan Baffa Sule, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya ba Hansatu haƙuri, ya sada su a Aljanna, inda zai kira ta da sunanta ta amsa. Amin.