Tafintan Da Ya Ɗora Wa Wani Nasa Kaya

A shekarun da nake ba da labari, ni ne wanda ake kira Ustaz a unguwar Nuzla, duk da cewa Turanci da lissafi nake koyarwa. Malamin makaranta ne ni a gida kafin in zo umra in manta hanyar komawa. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, amma ina da farar jallabiya mai guga da tabarau, ina bi gida-gida ina koya wa 'ya'yan mutanenmu karatu. Abin da iyayensu ba su sani ba shi ne, a ƙasar da ba a sayar da giya ko kwalba ɗaya, na yi ƙoƙari na zama cikakken mashayi. Wadda ake dafawa a ɓoye nake sha, fara kamar ruwa, ɗanɗano kamar kananzir. Ranar da matata ta aike ni sayo wa 'yarmu maganin zazzaɓi da hantsi, na dawo bayan la'asar ba magani ba hankali, ta ɗauki yarinyar ta koma gidan yayanta a unguwar Ruwais. Ba ta nemi saki ba. Cewa ta yi 'yar ba za ta tashi tana kallon wannan ba, in na warke na san ƙofa.

Asibiti ba wurin zuwana ba ne, domin marar takarda da ya kai kansa da irin wannan ciwo, jirgin kora gida yake nema wa kansa. Na ji raɗe-raɗin wasu mutane da ke haɗuwa ran Juma'a da yamma a wani ɗaki a unguwar Kurayyat, duk tsofaffin mashaya, suna riƙe juna. Na gano gidan, na sha wucewa ta ƙofarsa kamar mai neman adireshi, ban taɓa ƙwanƙwasawa ba. Ana haka sai wani Alhaji, ɗan kasuwa mutumin Maraɗi, ya ja ni gefe ya ce shi ma abin ya kama shi, yana son zuwa, amma Larabcinsa na ciniki ne, ba ya kai wa ga zuciya. Ko zan yi masa tafinta? Na amsa da irin fuskar wanda aka roƙa aikin lada.

Ɗakin ba komai sai tabarma da butar shayi. Akwai 'yan Sudan, da wani direba Bapakistane, da wani tsohon Bamisire mai buɗe taro. Ba a tambayar suna ko kafili, wato ubangidan da ya tsaya maka, ba wa'azi, kowa nasa yake faɗa. Alhaji mutum ne mai gajeriyar magana: ya sha, ya ji kunya, Allah ya kyauta. Ni kuwa in na karɓa sai in yi ta zuba. Tun ina yi wa maganarsa ado har na fara cusa tawa a ciki. Sai in ce musu wai ya ce yana da 'ya. Ya ce an aike shi sayen magani. Ya ce yakan tsaya a tsallaken titi don ya hango ta a kan baranda. Mutane na share hawaye suna dafa kafaɗar Alhaji, shi kuma yana gyaɗa kai yana mamakin taushin zuciyar Larabawa.

Wata Juma'a ɗaya daga cikin 'yan Sudan ɗin ya zo da 'yar riga mai ruwan hoda a leda, ya miƙa wa Alhaji, ya ce a kai wa yarinya. Alhaji ya juya rigar, ya dube ni ta ƙarƙashin gira, ya ajiye ta a cinyata. Ya ce Malam, shi dai maza Allah ya ba shi, duk sun yi gemu. Tafinta ya ɗauko, bai san shi aka mayar jakin kaya ba. Yalla, maza mai 'ya ya yi bayani. Ni da nake taƙama da harshe uku, da ƙyar na ce 'yar tawa ce, kuma ko a ranar na sha. Na jira a yi mini ihu. Sai tsohon Bamisiren nan ya ce halas, shi ke nan, sun daɗe suna jiran tafinta ya iso, a zuba masa shayi.

Ba zan ce daga nan na miƙe ɗoɗar ba. Na faɗi, na koma na faɗa musu da bakina, suka tashe ni. Sai da surukina, yayan matata, ya gaji da shinshina ni a ƙofa kafin ya yarda iyalina su dawo. Yarinyar nan ni na yi mata karatu har ta gama, ni na ba da aurenta ina cikin hayyacina, Alhaji na gefena yana tsokanata wai a ba shi nasa kason na uba.

Jan kunnena ga masu ilimi irina ne, domin mu muka fi iya ɓuya. Muna iya bayanin ciwon nan tiryan-tiryan, mu ba da shawara, mu raka wani neman magani, muddin ba za a ce namu ba ne. In kana sha, ka nemi waɗanda suka sha suka bari, suna nan ko a garin da ake rantsuwa babu su. Ka shiga da ƙafarka, ka zauna, ka faɗi naka. Hawayen da aka zubar wa Alhaji a kan labarina bai rage mini ko kurɓi ɗaya ba.