Matar da ke cire tabarau

Ina zaune a wani ɗan shagon zanen talla a unguwar Shubra, ina jiran katin bikin ƙanwata, amma idona na kan mai shagon. Madam Nawal suke ce mata. Gajera ce, furfura na leƙowa ta ƙasan ɗankwali. Daga yadda take riƙe fensir ka san da buroshi ta fara, tun kafin kwamfuta.

Hajji Shahata, wani kwastoma da ke tsaye a shagon, zai buɗe gidan sayar da koshari, wato dafa-dukan shinkafa da taliya, ranar Juma'a, ya nace sai an sa zaki a allonsa. Ba ta musa ba. Ga ta nan ta manna gwajin a taga, ta tsallaka titi, ta cire tabarau. Abin da ta iya karantawa a haka, fasinjan bas ma zai iya.

"Hajji, zaki kawai nake gani! Koshari za ka sayar ko namun daji?"

"Haba Madam, ai zakin ni ne!"

"To kai za a ci?"

Aka cire zaki, aka ƙara wa rubutu girma. Tana karantawa da ƙarfi daga tsallake, sai wani mai wucewa ya ja birki.

"Baiwar Allah, ina wurin yake? Yunwa nake ji."