Yadda Gwaggo Hawwa Ta Shiga Ajin Ƙwaya

Duk wanda ya taɓa shan shayi a wajen Gwaggo Hawwa, a gindin dogonyaron nan na unguwar Alshajara a Khartum da ke kallon shagunan masu walda, ya san ba ta wanke kofi sai ta bincike shi. Kana gamawa ka miƙa mata, sai ta ɗaga shi ta duba, ta sunsuna, wani lokaci ta lakato ragowar da yatsa ta ɗanɗana. Daga nan ta yanke maka hukunci. Wannan bai karya kumallo ba ya fito, wancan ya sha taba a ɓoye, wane kuma matarsa ta cika tafarnuwa a miya. In ka tashi musu sai ta ce, "Ni ban ce ba, kubbaya ce ta ce." Kubbaya dai kofin gilashin take nufi, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi shari'a da shi ya ci ba.

Dangin mahaifina ce. Kakanta ya baro Gumel a ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya a Sudan ya ɗan huta, hutun da har yau zuri'arsa ba ta gama ba. Da na zo Khartum karatun jami'a sai aka ba ni ɗaki a gidanta. Lokacin da korona ta rufe makarantu, zaman banza ya ishe ni, na yi rajista da wani kwas ta intanet kan laifuka da shari'a. A zango na biyu aka shiga darasin miyagun ƙwayoyi.

A makon ne ta same ni a tsakar gida ina wanki. Ta tsaya a kaina ta ce, "Ustaz, na ɗanɗani kofin Bakri. Akwai ɗaci a ciki, kuma ba nawa ba ne."

Bakri shi ne autanta, ɗan shekara ashirin da shida, mai walda. Kwanakin nan ya rame, yana gyangyaɗi da rana tsaka, abin da bai kai ya kawo ba sai ya hau faɗa. Gwaggo ta ji labarin samarin da ke narka ƙwaya a cikin jabana, wato gahawar Sudan, amma ba ta san wace iri ba ce, ba ta san inda take kai mutum ba. Matar da take tuhumar unguwa guda a kan tafarnuwa ta kasa tambayar ɗanta kalma ɗaya. Tsoronta kada ta yi magana ya bar gidan, ta dinga jin labarinsa daga kurkuku ko daga inda ya fi kurkuku.

"An ce wannan karatun naka na ƙwaya ne," in ji ta. "Ka sa ni a ajin."

Na ce ai Turanci ake yi. Ta ce to ni mene ne amfanina.

Washegari bayan la'asar, da yake akwai wuta, sai ga ta ta shigo ɗakina cikin tob ɗinta na zuwa biki, wato lafayar matan Sudan, tana ƙamshin turaren wuta, da 'yar kujerarta a hannu. Na kunna bidiyon. Wani malami mai furfura ya bayyana, Gwaggo ta yi masa sallama. Ya ci gaba da bayaninsa. Ta sake yi, ta ƙara da "Kef hal?" ko Larabci ya fi ji. Ko kallo.

"Ba ya amsa sallama?"

"Gwaggo, ɗauka aka yi. Tun bara ya yi maganar nan."

"To tun bara ba shi da tarbiyya."

Duk da haka ba ta hana shi haƙƙinsa ba. Kullum sai ta zuba shayi ta ajiye a gaban kwamfutar, wai baƙo baƙo ne ko a cikin akwati yake. In darasi ya ƙare ta ɗauka ta shanye, ta ce tunda kunya yake ji. Abin da ya fi burge ta shi ne yadda nake tsayar da shi in fassara, ya daskare da baki a buɗe. Ta ce da ana samun wannan maɓallin a kasuwar Umdurman da ta saya wa marigayi mijinta tun yana raye.

Ranar da aka zo rabe-raben ƙwayoyi ne aka yi ta. Malam ya jero masu kashe jiki, ya jero masu zaburarwa. A can ƙasan jeri na biyu, bayan hodar iblis da 'yan'uwanta, sai ga sinadarin da ke cikin shayi da gahawa da goro. Na fassara ban yi tunanin komai ba. Gwaggo ta cire goron da ke bakinta ta dube shi kamar yau suka fara haɗuwa.

"Maimaita."

Na maimaita. Na ce ai wannan doka ba ta hana ba, kuma ba ɗaya suke da waɗancan ba.

"Amma layinsu ɗaya?"

"Layinsu ɗaya."

Da safe wani ɗan sanda da ya saba karyawa a wajenta ya zo ya zauna. Ta bari sai da ya kurɓa, sannan ta ce masa da Larabci, "Janabu, na samu labari. Shekara talatin ina dillancin ƙwaya a gaban idonku." Mutumin ya ƙware. Ta ƙara da cewa shi ma kofi uku yake sha a rana, in za a tafi ofis tare za a tafi. Da ya gane inda aka dosa sai ya ce, "To ya Hajja, bari in gama wannan, sai in kama mu."

Darasin alamomi ya fi wannan ɓarna. An ce masu kashe jiki, irin wadda ake zargin samarin unguwar da sha, suna ƙanƙantar da ɗan baƙin nan na tsakiyar ido har ya koma kamar kan allura. Gwaggo ta gyaɗa kai ta ce, "Ashe ƙwaya a ƙwayar ido take ɓuya." Kashegari duk wanda ya zo shan shayi sai ta ce ya matso, ta leƙa idonsa. Da rana tsaka ta yi wannan aikin, a ranar Khartum da kuka sani. Ta dawo gida ta same ni.

"Ustaz, unguwa ta ƙare. Kowa yana sha. Har ladan."

Na bayyana mata cewa hasken rana ma yana ƙanƙantar da shi, a inuwa ake dubawa. Ba ta ce ta yi kuskure ba, Gwaggo ba ta faɗin haka. Ta dai canza tsari. Sai ta dinga yafa wa mutum gefen tob ɗinta a ka, ta shiga ciki tare da shi ta duba. Masu walda suka miƙa wuya, don ba su da wani wajen shan shayin. Malam Idrisu ladan ne kaɗai ya ja da baya, da shekarunsa saba'in, ya ce, "Hawwa, ki ji tsoron Allah, ina da alwala."

Mun yi dariya, amma ni na san dalilin. Ta duba idon unguwa guda ne don in ta zo kan na Bakri kada ya ce shi aka nufa. Da Bakrin ya zo ya zauna a gabanta, sai ta zuba masa shayi ta sunkuyar da kai tana gyara gawayi har ya tashi. Ranar na ji tausayinta ƙwarai.

A ɓoye ta riga ta shirya da wani mai mota a kai Bakri wajen wani shehi can bayan gari, inda ake sa wa irinsu mari a ƙafa. Ana saura kwana uku sai darasi ya zo kan yadda ake rabuwa da ƙwaya. Malam ya ce wanda jikinsa ya saba, in aka tsinke masa lokaci guda yana shiga azaba, wani har jijjiga yake yi, don haka likita ne ke rage masa a hankali. Gwaggo ta ce a zamaninsu bulala ce likita. Sai kuma ta ce in mayar da bidiyon baya. Sau uku na mayar. Ranar ko shayin baƙon ba ta sha ba.

Ran nan da safe ba ta hura gawayi ba, abin da ko rasuwar mijinta ba ta sa ta yi fiye da kwana uku ba. Ta kira Bakri ta ce jiri take gani, ya raka ta asibiti a Umdurman. Ni aka ba wa riƙon jaka. Muka haye gada zuwa Umdurman. Da muka shiga wajen likita ta gyara zama ta ce:

"Ya doktor, ni 'yar ƙwaya ce. Jabana biyar a rana, goro uku. Na zo a raba ni da su. Wannan ɗana ne, shi ma yana da abin faɗa, amma ni ce babba, ni zan fara."

Likitan ya dube ta, ya dubi Bakri, ya ajiye biro. Can sai Bakri ya sunkuya ya zaro wani sacet na ƙwaya daga cikin safarsa ya ɗora a kan tebur.

Kuma da gaske ta daina. Mako uku kanta yana sarawa, duk wanda ya gaishe ta sai ya yi da-na-sani. Ta ci gaba da dafa jabanar da ba ta sha, tana tauna ɗanyar citta tana tsine wa malamin cikin akwati. In Bakri ya kwanta yana rawar ɗari sai ta zauna a bakin ƙofarsa ta ce, "Ni ma nawa yana ci na, ya waladi. Mu ga wanda zai riga karaya." Ya taɓa zamewa sau ɗaya. Ba ta yi masa faɗa ba, ta ɗauki tob suka sake haye gadar. Da sakamakon jarrabawata ya fito, da ƙyar na tsallake, ta ce ba mamaki, ai ni fassara kawai nake yi, ita ce ɗalibar.

Hawan jini ne ya ɗauke ta wata takwas bayan zuwansu asibiti na farko, kafin yaƙi ya watsa mu. Ba ta kai ga ranar da za ta ce hankalinta ya kwanta ba. Bayan an tashi zaman makoki muna naɗe tabarmi, Bakri ya ce mini, "Ka san katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da naka? Duk darasin na ji. Ranar da ta ce jiri, na san wa za a kai."

Na ce to me ya sa ya bi ta.

"Tunda nake ban taɓa jin ta yi ƙarya ba sai ranar. Na ga ba zan bari ta yi ta biyu ba."

Yanzu yana garin Gadarif yana waldarsa. In na kira na tambaye shi jiki, ba ya cika baki, abin da yake cewa kawai, "Yau dai ban sha ba." Allah Ya jiƙan Gwaggo Hawwa, Ya yafe mata, Ya shayar da ita abin da ya fi wanda ta bari. Shi kuma autanta, Allah Ya sa gobe ma ya faɗi haka.