Layin da Na Bari Babu Rubutu

Lokacin da aikin ƙarfen uraniyum ya buɗe a Arlit ina saurayi, karatuna bai wuce firamare ba, amma hannuna yana da kyau. Shi ya sa wani ɗan kasuwa mai kamyo huɗu, wato manyan motoci, da ke jigilar kaya tsakanin Agadez da ma'adinai, ya ba ni tebur a buro, wato ofishinsa, ya ce in riƙe dosiyen ma'aikatansa. Kowa da takardarsa: suna, sunan uba, ƙauye, da wanda za a sanar in wani abu ya faru. A lokacin ba wanda ake kira da sunan yanka a Arlit. Inda mutum ya ce ya fito, shi ne sunansa. Ni ma haka nake rubutawa don sauri, sauran layukan in bar su sai na sami sarari.

Akwai wani lebura mai loda kaya, dogo, marar yawan magana, muna ce masa Ɗan Tahoua. Sau uku yana tsayawa bakin tagata da hularsa a hannu, yana ce mini malam, yana roƙon in rubuta ƙauyensu da sunan mai ɗakinsa, wadda ya baro da goyo. Na ƙarshe har na tsokane shi, na tambaye shi ko mutuwa yake shirin yi. Ya yi dariya, ya ce shi dai ya ga hanyar nan ba ta da tabbas. Na ce ya dawo Litinin.

Ran Asabar kamyonsu ya kife. Muka yi masa sutura, mai gida ya ce in ɗauko dosiye a aika wa danginsa. Na buɗe, babu komai sai laƙabi. Muka bi mutanen Tahoua ɗaya bayan ɗaya, suka ce a tashar garin kawai ya hau mota tare da su, ba su san ƙauyensa ba.

Bayan shekara tara wani dattijo ya zo yana zaga garejoji da ɗan hoto. Ina ganin hoton na gane Ɗan Tahoua ne. Ya ce ƙanwarsa ce matar, tana nan zaune, ba ta san ko mijinta ya mutu ba ko ya guje ta ne. An yi an yi ta je wurin alƙali a raba auren, ta ƙi. Na kai shi maƙabarta, na kasa nuna kabarin, don rairayi ya shafe. A nan na faɗa masa gaskiya duka. Daga baya ya aiko mini cewa ta yi takabarta, ta kuma ce a gode mini, domin yanzu tana iya gaya wa ƴarta cewa ubanta bai manta da su ba, har sau uku ya nemi a rubuta su. Wannan godiya ta fi zagi yi mini ciwo.

Yau na tsufa, na gane takardar ma'aikaci amanar iyalinsa ce. Ku masu riƙe da dosiyen mutane, ko ma'aikata biyu gare ku, ku zaunar da mutum ranar da ya fara aiki, ku tambaye shi wa yake da shi a gida, ku rubuta kafin ya tashi. Ni minti biyu na hana bawan Allah, matarsa ta biya da shekara tara. Allah ya gafarta masa, ya yafe mini.