Shekarar da Muka Ɓoye wa Masu Awo Hayaƙi

Wata Talata bayan girbin shinkafa, shekarar da na shiga aji huɗu, muna 'yar carafke a gindin mangwaro sai ga farar mota ta tsaya a bakin gonarmu ta gefen tafkin Njuwa. Mutum biyu suka sauko, suka kafa dogon ƙarfe da wani akwati mai gurnani yana zuƙar iska. Suka ce daga jami'a suke, sun zo auna hayaƙin da ke tashi idan an ƙone karan shinkafa, don a san abin da muke shaƙa.

Mu kuwa ƙuna ai gado ce. Babanmu kan ce, "Toka takin talaka." Amma da tsari ake yi: yau gonar wane, jibi ta wane. Tsarin nan ne ya raya ƙanwata Hadiza, wadda aka haifa da ciwon asma, ƙirjinta na kuka kamar ɗan mage da zarar ta shaƙi hayaƙi. Ran ƙuna Dada, mahaifiyarmu, kan saki ɗankwalinta ta ga inda iska ta nufa, ta ce, "Goya ta ku koma bayan iska." In goya ta, mu wuni can muna kallon masunta, ba mu dawowa sai sama ta washe.

To, sai raɗe-raɗi ya tashi wai gwamnati ce ta turo akwatin don ta hana ƙuna. Dattawa suka taru gidan Jauro, mai unguwarmu, suka yanke cewa kada wanda ya ƙyasta ashana sai baƙin sun tafi. Malama Rifkatu, maƙwabciyarmu, ta yi ta faɗa cewa mai ɓoye ciwo ba ya samun magani, aka ce boko ke ɗibarta. Baƙin suka yi ta jira har suka gaji, suka kwance ƙarfensu, suka yi godiya.

Washegarin tafiyarsu kowa ya cinna wa gonarsa wuta, don lokacin shukar rani ya matso. Wayyo Allah! Gabas wuta, yamma wuta, har Jimeta ba a hangowa. Dada ta saki ɗankwali, ta juya, ta sake juyawa, babu bayan iska. Na goya Hadiza na yi ta gudu, ina jin kukan ƙirjinta a gadon bayana. Kafin a sami motar zuwa asibitin Yola, kukan ya tsaya.

Yanzu a unguwar Rumde nake, furfura ta fara fito mini. Ƙuna ba ta ragu ba, tsarin ma ya mutu, kowa ran da ya ga dama yake cinnawa. An ce yau daga sararin sama ake hango wutar a auna ta, kuma ban ga abin da hakan ya canza ba. Ni dai ban yafe wa taron gidan Jauro ba, ko da yake duk sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ke ci mini rai shi ne, in an bi awon mutanen nan, iskar Njuwa lafiya lau take a shekarar da ta kashe Hadiza.