Kaset ɗin da Yaya bai yi sallama ba

A gidanmu na unguwar Ƙurban, a ƙasa mai tsarki, kaset daga gida wasiƙa ne. Alhazai ke kawo shi, a tara maƙwabta, a dafa shayi, a saurari gaisuwa da labarin wanda ya mutu da wadda ta haihu.

Shekarar nan wani alhaji ɗan garinmu ya miƙo mini kaset daga Yayana. Shekara tara ke nan Inna ba ta ambaci sunansa ba, tun da ya zauna a Legas yana kaɗa fiyano a otal. Ina duba kwalin na ga Yaya cikin kwat, kewaye da ƙarti sha biyar masu kakaki da ganguna. Faifansa ne na kiɗan jaz. Na cusa kwalin ƙarƙashin katifa, amma alhajin nan, bakinsa ba ya riƙe komai, ya riga ya yi wa Inna albishir.

Bayan la'asar falo ya cika da mata. Inna ta ce wai ita ba saurare za ta yi ba, sai ga ta a gindin rikoda. Na danna.

Kakaki suka ɓarke kamar an taka wutsiyar jakuna. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce, "To, tayyib, yanzu zai yi sallama." Aka jira. Na juya kaset, aka ci gaba da jira. Tsohuwar ta ce, "Ya Latif! Duk taron nan babu mai cewa ina wuni?" Mata suka fara neman takalmansu. Ni kuwa kunya ta ishe ni, ina tsine wa alhajin a zuci.

Can sai kakakin suka yi shiru, ya rage fiyano kaɗai. A ƙarƙashin kiɗan akwai wani ɗan gurnani, na mutumin da ya manta ana ɗaukar muryarsa.

Inna ta ɗaga hannu. "Mayar baya."

Na mayar. Sau huɗu.

"Shi ne," in ji ta. "Haka yake yi in yana cin tuwo, tun yana rarrafe."

Ta share ido da gefen mayafi, ta aike ni kasuwar Sultana sayo sabon kaset. Da na danna mata jan maɓallin ɗaukar murya, ta matso kusa da rikodar. Sannan ta kira sunansa, ta ce, "Na ji saƙonka. Muryarka ta dushe, ka riƙa shan zuma."