Dattijo da Kwabon Lucca

A kasuwar tsofaffin kaya ta birnin Arezzo, Gelsomina tana kallon wani dattijo da ya tsaya gaban teburinta. Ya ɗauki wani tsohon kwabon azurfa. Ya ƙura wa takardar bayanin kwabon ido. Takalmansa duk sun cinye. Da gani ya daɗe yana neman kwabon nan.

“Baba, saya za ka yi?”

“A’a, ’yata, ara mini biro. Ni na rubuta wannan takarda shekara talatin da suka wuce. Na ce bugun birnin Lucca ne, ashe mutanen birnin Pisa suka kwaikwaya.”

“To wa ya sani?”

Ya soke, ya gyara, ya sa hannu.

“Ni na sani.”